Gizo na tatsuniya da gizo na akwati

Bahaushe gizo biyu gare shi, kuma har yau ban ji wanda ya yi mamakin yadda suka yi tarayya a suna ba. Na farko shi ne mijin Ƙoƙi, maƙaryacin nan mai tsamin baki wanda ya haɗa giwa da dorina jan igiya, kowace na tsammanin da shi take ja. Wannan kowa na son shi. Sunansa muka ba bakan da ke fitowa a sama idan ruwa ya ɗauke, kuma da intanet ta iso, gidansa muka ara muka ce yanar gizo. Na biyu shi ne wanda ke saukowa daga tsakanin azara idan an kunna fitila, mai ƙafa takwas, wanda yaro ba ya gane gabansa da bayansa in yana tafiya. Shi ne tautau, wanda iyayenmu mata ke ɗora wa laifin duk wani ƙurji mai ruwa da yaro ya tashi da shi a wuya, su ce fitsarinsa ne. Sau da yawa mai laifin na gaskiya ƙwaron nan ne da ke zuwa wurin fitila a ƙarshen damina, wanda Faransawa ke kira kantarid. Amma shi fiffike gare shi, kafin gari ya waye ya yi gaba, tautau ake iskewa a bango.

Kusan duk abin da aka koya mini ina yaro a Damagaram cewa yake kada in ji tsoron na biyun. A makarantar allo an ba mu labarin yadda gizo-gizo ya yi saƙa a bakin kogon da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɓuya tare da Sayyidina Abubakar a kan hanyar hijira, har masu nemansu suka juya. Albarkacin wannan labari akwai gidajen da ba a kashe shi. Sura ta 29 ta Alƙur'ani sunansa take ɗauke da shi, kuma da raunin gidansa ta buga misali. Duk wannan bai amfane ni da komai ba. Kunama ta harbe ni sau biyu, na yi kuka, na warke, kuma har gobe ina iya sa takalmi in murje ta. Sauro, wanda zazzaɓinsa ke kashe mutum kusan dubu 600 kowace shekara a duniya, mafi yawansu yaran Afirka, da tafin hannu nake kashe shi ina cikin hira. Amma in na ɗaga kai na ga tautau ya baje ƙafafu a kusurwar ɗaki, sai jikina ya sandare, yawu ya ƙafe, in ja tabarmata in kwana a tsakar gida ko da cikin hunturu ne. Masu iya magana sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni nawa duka biyun a gida suka zauna, domin namiji mai gemu ba shi da inda zai kai kukan cewa ƙwaro ya kore shi daga ɗakinsa.

Da wannan kaya na tafi karatu birnin Liyon na Faransa a shekarar 2005. A benen da na kama haya, maƙwabciyata wata dattijuwa ce da ta yi ritaya daga aikin ɗakin gwaje-gwaje. Ita ta nuna mini inda ake biyan kuɗin wuta, ita ta kawo mini romo mai zafi ranar da mura ta kayar da ni a sanyina na farko. Sai da muka yi watanni muna gaisawa kafin in san abin da ke cikin ɗakinta na baya: akwatunan gilashi goma sha ɗaya a jere bisa katako, kowane da ƙasa mai danshi, da ɓawon itace, da ɗan faranti na ruwa, kuma a cikin kowane akwai gizo-gizo da ya kai tafin hannun babban mutum.

Faransawa migal suke ce musu, masu Ingilishi kuma tarantula. Sunan na biyu daga garin Taranto na kudancin Italiya ya fito, inda aka yi ƙarnoni ana cewa wanda wani gizo na ƙasar ya ciza ba ya warkewa sai an kira masu goge da ganga ya yi ta rawa har ya faɗi. Wani masani ɗan ƙasar, Ernesto de Martino, ya je ya iske ragowar al'adar a 1959, kuma duk mutumin Maraɗi da ya karanta bayaninsa zai tuna da ƴan bori da gogensu. Abin dariya shi ne gizon Taranto ba dangin waɗannan manyan ba ne. Sunan ne kawai Turawa suka ɗauka suka liƙa wa ƙattin da suka tarar a ƙasashen zafi. Danginsu sun haura iri 1,000, daga cikin fiye da iri 50,000 na gizo-gizo da masana suka rubuta. A Faransa doka ba ta barin kowa ya ajiye su sai da takardar shaidar ƙwarewa daga hukuma, kuma tata tana rataye a bango cikin firam kamar digiri.

Da bazara ta 2006 aka ba ta ranar aikin ƙugu, za ta yi mako bakwai tsakanin gadon asibiti da gidan koyon tafiya. Ta ƙwanƙwasa ƙofata ta roƙe ni in riƙa zuba musu ruwa da abinci. Mai karatu ya san nauyin haƙƙin maƙwabtaka ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa. Bakina ya ce to, cikina yana juyawa.

Kafin ta tafi ta zaunar da ni ta yi mini karatu. Ba a tabbatar da mutuwar ko mutum ɗaya daga cizon tarantula ba. Waɗanda suka fito daga nahiyar Amurka dafinsu bai cika wuce harbin zuma ba, makaminsu na gaske shi ne wani gashi na bayansu da suke kaɗowa da ƙafa in an dame su, mai shiga fata kamar ƙaiƙayin gero, wanda kuma ba a son ya shiga ido. Idanunsu takwas, amma da ƙyar suke bambanta haske da duhu. Da gashin ƙafafu suke jin motsin ƙasa da na iska. Na saurara, na yarda da kowace kalma, kuma washegari da na buɗe ƙofar ɗakin hannuna rawa yake kamar ban ji komai ba. Ilimin a kai ya tsaya, tsoron kuwa can ƙasa yake, wajen ciki da gwiwoyi.

Abin da ya fara aiki a kaina shi ne maimaici. Kiwon tarantula aiki ne mai gundura, kuma wannan ce babbar falalarsa ga mai tsoro. Ka cika farantin ruwa. Sau ɗaya a mako ka jefa gyare ko kyankyaso da dogon hantsaki. Bayan kwana ɗaya ka cire ragowar, ƴar dunƙulalliyar ƙwarya busasshiya, domin ba tauna abinci suke ba, narkar da shi suke da ruwan bakinsu su tsotse. Sauran lokacin duka, ba sa yin komai. Akwai wata ƴar ƙasar Cile da ta yi makonni bakwai ɗin nan ba ta taɓa abinci ba, kuma an gaya mini irinta kan yi watanni a haka lafiya lau. Tsorona ya ginu ne a kan cewa abin nan zai taso mini. Kwana ɗaya, kwana biyar, kwana goma, ina tsaye ina jiran a taso mini, ba wanda ya san ina wurin.

Babbarsu ƴar Meziko ce, baƙa mai jajayen gwiwoyi, wadda ta haura shekara 20 a hannun matar. Matan irinsu kan kai shekara 25 zuwa 30, mazan kuwa da sun balaga ba su cika wuce shekara guda ba. Wato wannan halitta ta girmi wasu ƴan ajinmu. A mako na huɗu na iske ta kwance rigingine, ƙafafu sama. An riga an gargaɗe ni cewa wannan ba mutuwa ba ce, saɓa ce, kuma kada in taɓa ko gilashin. Na jawo kujera. Aka daɗe ba abin da ya motsa, sa'an nan murfin bayanta ya tsage, ta shiga matse kanta tana zaro ƙafafu takwas daga cikin tsofaffin, kaɗan-kaɗan, ta huta, ta sake, kamar tsohuwa na fid da ƙafa daga cikin laka. Ba fatar waje kaɗai take tuɓewa ba, har da haƙoran dafin da shimfiɗar cikin maƙogwaronta. Da ta gama sai ta kwanta kusa da tsohuwar rigarta, jikinta laushi tiɓis, haƙoranta farare kamar madara. A wannan hali gyare ɗaya da aka manta a cikin akwatin yana iya cinye ta da rai. Sai an yi mako guda ko fiye, jikin ya ƙeƙashe, kafin a ba ta abinci. Ko a ranakun ƙarfinta, in ta faɗo daga tsayin tebur cikinta fashewa yake. Na duba agogo na ga na yi awa huɗu fuskata na kusa da gilashin, kuma abin da nake ji a ƙirjina fargaba ce kada ƙafa ɗaya ta maƙale mata.

Masu ilimin halayyar ɗan Adam sun san wannan hanya tun kafin in faɗa cikinta. Wani ɗan Suwidin, Lars-Göran Öst, ya bayyana a 1989 yadda ake rage irin wannan tsoro a zama ɗaya da bai wuce awa uku ba: a matso da mutum kusa da abin taki-taki, da yardarsa, kada ya gudu har sai bugun zuciyar ya sauka da kansa. Gidan namun daji na Landan ma tun 1993 yake shirya wa masu tsoron gizo-gizo irin wannan zama. Bayaninsu shi ne gudu ke ciyar da tsoro, domin duk ranar da na ja tabarma na fita tsakar gida, jikina ya rubuta cewa fitar ce ta cece ni. Inda nake da ja shi ne hoton da ake yawan ƙarewa da shi, na mutum yana murmushi tarantula na tafiya a hannunsa. Maƙwabciyata a cikin shekarunta duka ba ta ɗaukar nata sai dole. Dabbar ba ta san mai ita ba, ba ta sabo, ba ta jin daɗin shafa. Hannun mutum a wurinta ƙasa ce mai motsi wadda ake iya faɗowa daga kanta. Wanda ke kiwonta don a so shi ya ɓata kuɗinsa, gara ya sayi akuya. Akwai kuma abin da sha'awar ta jawo: an kwashi jajayen gwiwar nan daga dajin Meziko har sai da aka sa su cikin yarjejeniyar CITES mai kayyade cinikin namun daji tun 1985, shi ya sa masu kiwo na ƙwarai ba sa sayen kowa sai wanda aka ƙyanƙyashe a gida.

Akwati ɗaya ne ban taɓa sakin jiki da shi ba, kuma mai shi ƴar yankinmu ce, fara mai zane-zanen toka, daga dazuzzukan Togo da Gana. Na Afirka ba su da gashin ƙaiƙayi, don haka cizo ne hujjarsu, dafinsu kuma yana sa ciwo mai tsanani da murɗewar jijiyoyi na kwanaki. Gudunta ya fi ƙiftawar ido. Ita kam ta ɗan ramin murfi nake zuba mata ruwa, kuma mai ita ma haka take yi. A nan na fara rarrabe tsoro biyu da a da suke cakuɗe a jikina: wanda ke sa hannu ya natsu ya yi aiki da lura, da wanda ke kore mutum daga ɗakinsa. Wani ɗan'uwanta mai zama a rami shi ne wanda Mambila na kan iyakar Nijeriya da Kamaru ke yin duba da shi, su jera ganyaye masu alamomi a bakin ramin, su kife tukunya, su dawo su karanta yadda ya watsa su. Mutanen da suka fi kusa da shi shawara suke nema a wurinsa.

Ba zan ce na warke ba. Yau a gidana na Yamai, in tautau ya fito a banɗaki, gabana yana faɗuwa kamar da; bambancin shi ne faɗuwar ba ta daɗewa, kuma ƙafafuna suna tsayawa inda suke. Abin da ya sa ban bar wannan horo ya kwance ba ɗiyata ce. A shekarun 1980 Susan Mineka da abokan aikinta a Amurka sun nuna cewa birin da aka haifa a keji ba ya tsoron maciji, amma ya ga babban biri ya firgita ƴan lokuta kaɗan, shi ke nan ya ɗauka. Yarinyar shekararta shida, kuma fuskata take kallo kafin ta kalli bango. Saboda haka in ya fito nakan ce mata ta kawo kofi da kwali. Ni ke kifa kofin, ita ke zura kwalin a ƙarƙashi, mu kai shi gindin bedi a bayan gida. Kwanan baya ta ce in dakata kada in sake shi, tana son ta ƙirga ƙafafun. Ta samu bakwai, ta sake ƙirgawa ta samu bakwai. Na gaya mata in ƙarami ne, ta takwas ɗin za ta fito a saɓa ta gaba.