Idan ɓarawo ya biyo ta hannun mai gadi

Mu mutanen Birnin Gwari mun san cewa ɗan bindigar da ke cikin daji bai kai infoma illa ba, domin shi infoma da shi ake zaune, shi ya san ƙofar kowa. Wannan darasi nake tunawa duk lokacin da abokaina ɗalibai suka ce kwamfutarsu na da antibairos, don haka hankalinsu kwance yake.

Aikin antibairos shi ne ya buɗe duk abin da ya shigo na'ura ya duba, kamar jami'in da ke kwance kaya a shingen bincike na hanyar Kaduna. Shi ya sa ake ba shi izinin shiga ko'ina a cikin na'urar. To, idan an yi kuskure wajen rubuta shi, maharin zai shirya wani fayil na musamman, antibairos na buɗe shi sai umarnin da ke ɓoye a ciki ya fara aiki da cikakken ikon mai gadin.

Hakan ta taɓa tabbata. A 2016, Tavis Ormandy, mai bincike a kamfanin Google, ya gano irin wannan kafa a manhajojin Symantec da Norton, inda isowar imel kawai ta wadatar ko da ba a buɗe shi ba. A watan Mayun 2017 shi da abokiyar aikinsa Natalie Silvanovich suka gano makamanciyarta a Windows Defender, Microsoft kuma ya toshe ta cikin 'yan kwanaki.

Sai dai gyaran ta intanet yake zuwa, a nan kuma matsalarmu take. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa an katse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Kusan wata biyu tsohuwar kwamfutar yayana da nake koyon jarrabawar JAMB a kanta ba ta sabunta komai ba, alhali kullum muna cusa mata filashi da memori na abokai. Ko yanzu da sabis ya dawo, da yawanmu kashe sabuntawa muke yi don kada data ta ƙare. Wasu kuma a shagon masu tura waƙoƙi ake sa musu antibairos na sata, wanda ba a san me aka cusa masa ba.

Ban ce ku goge antibairos ba, 'yan uwa. Ku riƙe guda ɗaya na asali. Defender da ke zuwa da Windows kyauta ne. Duk sanda kuka samu sabis mai ƙarfi, ku fara sabunta shi kafin ku shiga TikTok. Takardun makaranta kuwa, ku ajiye kwafinsu a wani wurin daban. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma liƙe wannan tsagar bai kai kuɗin datar kallon fim ɗaya ba.