Tsakanin "Put Up With" da Haƙurin Bahaushe

A cikin shekarun da na yi ina koyar da adabi, babu furucin Ingilishi da ya fi ba ɗalibaina wahalar fassara kamar *put up with*. Kalmomi ne uku ƙanana, amma idan aka rarraba su babu wadda ke nuna ma'anar da suke bayarwa a haɗe. Tun a 1755 Samuel Johnson ya ambata a gabatarwar ƙamusunsa cewa irin waɗannan aikatau su ne suka fi rikita baƙon harshen.

Ƙamus zai ce ma'anarsa ɗaya da *tolerate* da *endure* da *bear*. Alal haƙiƙa kowace da muhallinta. *Tolerate* daga Latin ta fito, ta fi zama a bakin hukuma da rubutun ilimi. *Endure* ta shigo ta Faransanci bayan Nomawan Faransa, wato mutanen Nomandi, sun ci Ingila a 1066, kuma tana ɗauke da nauyin doguwar wahala, kamar yunwa ko ciwo. *Bear* tsohuwar kalmar gida ce mai nufin ɗaukar kaya. Shi kuwa *put up with* na hirar yau da kullum ne: hayaniyar maƙwabci, ɗaukewar wuta, abokin ɗaki mai munshari. A Ingilishin Nijeriya ma *manage* kan maye gurbinsa.

Matsalar ita ce ɗalibi kan fassara shi da "yi haƙuri" kai tsaye. A nawa ganin wannan rage wa haƙuri daraja ne. Mai faɗin *put up with* yana zaune da abin ne bisa tilas, yana gunaguni a zuci, yana jiran ranar rabuwa. Haƙuri kuwa hali ne na yabo, shi ya sa Kirk-Greene ya lissafa shi cikin siffofin mutumin kirki a aikinsa na 1974. Mahaƙurci mawadaci ne, in ji Hausawa; mai gunaguni bai kai wannan matsayi ba.

Harshenmu bai rasa madadi ba. Akwai daurewa, da cijewa, da kau da kai, da zaman dole. Idan marubucin Turanci ya ce mace ta yi shekara goma tana *putting up with* mijinta, mai fassarar da ya rubuta "tana haƙuri da shi" ya mayar da kukanta yabo, ya kuma wanke mijin. "Tana zaman dole da shi" ya fi kusa da gaskiya.

Don haka ina kira ga ɗalibai, kafin su ɗauki kalma daga ƙamus, su fara tambayar halin da zuciyar mai maganar take ciki.