Wane Gam Ya Dace da Aikin Hannu?

A gidanmu a Gagarawa, in an gama kawo amfanin gona gida, mukan zauna da maraice mu yi ɗan aikin hannu. Muna ɗinka 'yan jakunkuna da guntayen fata da atamfa, muna kuma yi wa littattafan yara bango. Da fari don nishaɗi muke yi. Amma wata shekara gero bai yi albarka ba, ga kuɗin makarantar babbar 'yarmu ya matso. Sai muka ce bari mu yi jakunkunan da yawa mu aika kasuwar Maigatari, wadda ke ci ran Alhamis.

Domin mu gama da wuri, muka sayi gam ɗin nan na ƙaramar kwalba mai kamawa nan take. Muka manna baki da shafi, ba ko ɗinki. Bayan mako biyu mai sayar mana ya komo da rabinsu. Duk inda jaka ke lanƙwasawa gam ya tsage, fata ta yi tauri kamar ƙashi. Muka ji kunya ƙwarai, gama mutumin ya amince da mu. Sauri ya haifi nawa.

Wani tsohon baduku maƙwabcinmu ya duba jakunkunan, ya murza su a hannu, ya ce, "'Ya'yana, gam ɗin ba shi da laifi. Ku ne kuka ba shi aikin da ba nasa ba. Abin da zai riƙa lanƙwasawa, gam mai lanƙwasawa yake so." Ga abin da muka koya daga wurinsa, da kuma gwajin da muka yi ta yi.

Ƙaro, wanda itacen dakwara ke fitarwa da rani in an tsaga ɓawonsa, arzikin ƙasarmu ne, har ƙetare ake kai shi. Malamai suna sa shi cikin tawada domin ta kama takarda. Yana da kyau ga takarda, amma in ya bushe yakan tsage, in kuwa damina ta zo laima takan sake shi.

Kokon rogo yana da araha, ba ya cutar da yaro. Amma kyankyasai da gara suna sonsa kamar tuwo.

Farin gam na kafintoci ya dace da katako, da takarda, da yadi. Bayan ya bushe yana da ɗan taushi, shi ya sa muke bangon littafi da shi. Sai dai ba ya son ruwa.

Ga fata da roba kuwa, sholisho ne. A shafa shi siriri a fuska biyu, a jira kamar minti 10 har ya daina bin yatsa, sa'an nan a haɗa, a bubbuga. Yana miƙewa tare da fata. Amma iyaye, ku lura. Yana kama wuta, warinsa kuma yana lalata ƙwaƙwalwa, ya riga ya ɓata samari da yawa. A yi aiki da shi a tsakar gida, nesa da murhu, a kuma kulle shi inda yara ba za su kai ba.

Yanzu kafin mu soma kowane aiki, mukan manna ƙyalle biyu, mu bar su su kwana. Da safe mu lanƙwasa su sau ashirin, mu shanya a rana, mu yayyafa musu ruwa. In sun riƙe, to. Tsohon ya kuma ce gam mai taimakon allura ne, ba magajinta ba, don haka kowane baki sai mun bi shi da zare.

Jakunkunan da aka komo mana da su, muka warware su ɗaya ɗaya, muka sāke su. Kuɗin makaranta ya yi latti da wata guda, amma an biya. Mai sayar mana kuwa har yanzu yakan biyo ta gidanmu ran Laraba da yamma ya karɓi kaya.