Hanyar Dambatta: inda yaro ke koyon gaba da baya

Uwargida, idan kika bi hanyar Dambatta a watan Agusta, ki ajiye waya ki leƙa ta tagar mota. Da wuya ki ga daji. Gona ta jingina da gona, gero da wake a fili ɗaya, wannan ƙauye na hango wancan. Ga kuka da ɗorawa a tsakiyar shuka, ga gawo tsaye ba ganye, don shi sai da rani yake yin lulluɓi.

A irin wannan ƙasa da ba a bar ko taku ɗaya a banza ba, kwatance ba abin wasa ba ne. Tambayi hanya a Makoda ko Kunchi, ba za a ce miki "can" ba. Za ki ji: bi burtali, ki bar tsamiya a arewa da ke, gidan yana gabas da masallaci. Yaron da ake aike da fura gona, da wannan harshe ya tashi.

Ki lura da kalmomin kansu: kan rumbu, bakin rijiya, cikin zaure, bayan danga, gindin kuka. Kai, baki, ciki, baya, gindi. Duk a jikin ɗanki suke. To daga nan za ki fara. Taɓa kansa ki ce kai, sannan ki ɗora ludayi a kan turmi ki tambaye shi ina ludayi. Ɓoye shi ƙarƙashin faifai, ki tura shi nema da baki kawai, ban da nuni da yatsa. Nunin nan shi ke kashe wasan, kuma mu iyaye mun iya shi.

Kada ki yi gaggawa. Ɗan shekara 2 yakan gane "ciki" da "kan". "Gaba", "baya" da "tsakani" sai wajen 3 zuwa 4. Dama da hagu sun fi jinkiri, ko da yake hannun cin tuwo yana taimaka wa namu yaran. Wasan ɓuya da 'yar gala-gala da ake zanawa a ƙasa suna yin sauran aikin, in kin bar shi ya shiga cikin sa'o'insa.

A wurin aikinmu na jinya mukan karɓi yaran da suka faɗa rami ko kududdufi da damina. Ido a kansu dai shi ne gaba da komai, amma yaron da ya san "bakin rijiya" da "ja baya" yana tsayawa in an kira shi daga nesa. Saboda haka ranar da kuka sauka ƙauye, kafin a zauna gaisuwa mai tsawo, riƙe hannunsa ku zaga gidan, ki nuna masa inda rijiya take, ki sa ya faɗa da bakinsa.