Kaushin fuska a hunturu: kafin a tambayi sunan mai

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, tambaya ɗaya ce ke yawo tsakanin mata da maza: wane mai zan shafa fuskata ta daina furu-furu? Nan da nan sai a shiga jero sunaye, wannan daga Dubai ake kawo shi, wancan na Koriya ne, wancan kuma wata hajiya ce ke haɗawa da kanta. A ganina an ɗauko zancen a baibai. Fuska tana bushewa ne idan ruwa na sulalewa daga cikinta fiye da yadda jiki ke mayar da shi. Saboda haka ma'aunin kowane mai shi ne ko yana tsare wannan ruwa, ma'aunin mai shafa shi kuma ko ya daina abin da ke buɗe wa ruwan hanya. Idan aka riƙe wannan, kwalabe da yawa da ake zuba wa kuɗi za su sha ƙasa, wasu masu arha da aka raina su haye.

Fatar da ido ke gani ɓawo ne siriri, kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Gininsa irin na katanga ne: matattun ƙwayoyin fata su ne tubalin, wani maiko da jiki ke yi da kansa shi ne lakar da ke riƙe su, kuma kusan rabin wannan maiko sinadarin da ake kira seramaid ne. Muddin lakar na nan, ruwan ciki ba ya fita sai kaɗan-kaɗan. In ta zaizaye, ruwa ya samu kafa. To ga iskar da ke sauko mana daga Sahara. A Kano ko Damagaram, danshin iska da rana a Janairu da Fabrairu yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali a Agusta yana haura kashi 70. Shi ya sa wanda bai san kaushi ba da damina yake wayar gari kumatunsa sun ɗame, gefen baki yana ɓarewa, leɓe ya tsage, in ya yi dariya ya ji raɗaɗi.

Iska dai ba mu da iko da ita. Abin da ke hannunmu sabulu ne da ruwan zafi, kuma ɓarnarsu ba ta gaza ta iskar ba. Lafiyayyar fata tana da ɗan tsami, a ma'aunin pH tana wajen 5, sabulun sanda kuwa yana kaiwa 9 zuwa 10. Sabulun salo, duk da yabon da yake sha don na gida ne, da ruwan toka ake yin sa, shi ma a can ɓangaren yake. Aikin sabulu narkar da maiko ne, kuma ba ya tantance maikon datti da wanda ke riƙe fata. A haɗa shi da ruwa mai zafi saboda sanyin asuba, a sa soso a dirje har fuska ta yi ƙarau. Wannan ƙarau ɗin da muke ɗauka tsabta ce, alama ce ta an wanke lakar. Mai busasshiyar fuska sau ɗaya a rana ya ishe shi sa sabulu, da dare, marar ƙamshi marar yawan kumfa, da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ruwan alwala ya wadatar da sauran wunin. Wanda bai gyara nan ba, ko man nawa ya saya asara ya yi.

Man kirki aiki biyu yake yi, ya jawo ruwa cikin ɓawon fata, ya kuma rufe shi a ciki. Jawowa aikin gilisarin ne da yuriya, kodayake yuriyar da ta wuce kashi 5 cikin 100 takan yi zafi a fuskar da ta tsattsage. Rufewa kuwa, har yau babu abin da ya kama ƙafar basilin, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872: yana rage fitar ruwa da kusan kashi 98 cikin 100. Sai dai babu ko ɗigon ruwa a cikinsa, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Suna bari fuska ta bushe ƙayau, su lafta shi, su yi ta ƙyalli a sama ƙasa na nan da ƙishinta. A shafa mai tun fuska na da laima, minti biyu ko uku bayan wanka. A lakato ɗan abin da bai wuce ƙwayar wake ba, a murza a tafin hannu har ya narke, a daddafa a kumatu da goshi ba tare da gurzawa ba. In za a sayi kirim, mai kauri na cikin kwalba mai faɗin baki ya fi loshan mai ruwa-ruwa. A juya bayanta a karanta, domin ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Idan gilisarin yana cikin na farko-farko, akwai basilin ko man kaɗe ko seramaid, babu turare, ga lambar hukumar NAFDAC, to an samu. Ƙamshin da muke shinshinawa a shago kafin mu biya yana cikin manyan abubuwan da ke sa fata ƙaiƙayi da borin mai.

Na san abin da za a ce: basilin yana sa baƙi, yana kawo kuraje, yana kwasar ƙura. Na farkon ba gaskiya ba ne. Furu-furun bushewa ne ke yi wa fata lulluɓin fari, in maiko ya kwantar da shi sai ainihin launin mutum ya fito, shi kuma ya zaci ya yi duhu. Na biyun yana da rabin gaskiya, domin wanda fuskarsa ke yawan fitar da kuraje gara ya tsaya a kirim, ya bar basilin ga leɓe da wuraren da suka tsage. Na ukun gaskiya ne tsantsa, duk wanda ya hau babur cikin hazo da maiko a fuska ya sani. Maganinsa sauya lokaci: kirim da rana, basilin bayan Isha. Abin da ya rage da asuba a share shi kafin alwala, an huta da waswasin ko ruwa ya isa fata.

Wasu kuma za su ce a koma na gargajiya kawai. Man kaɗe ya cancanci sunansa, yana laushi yana kuma rufewa, ga shi a kowace kasuwa. Amma fitowa daga itace ba ta wanke kowane mai. A 2013 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun sa manya shafa man zaitun a hannu na tsawon makonni, suka tarar ya raunana ɓawon fatar har ya sa wasu ja, alhali man furen rana bai yi haka ba. Zaitun yana da darajarsa a wurinmu, kuma ba a ce kowa zai cutu ba, amma fuskar da ta riga ta tsage ba wurin gwaji ba ce. Haka lemun tsami, da dilka a lokacin da fata ke raɗaɗi. Shan ruwa da yawa kuwa yana da kyau ga jiki, sai dai ba ya toshe kafar da ruwan ke fita.

Abin da ya fi damuna shi ne man haɗi da ake sayarwa ba takarda ba suna, da alƙawarin laushi da haske a mako guda. Irin wannan saurin yawanci aikin magungunan sitiroyid ne, wasu lokuta har da haidirokwinon. Magungunan sitiroyid ɗin suna kwantar da kaushi da ƙaiƙayi nan take, sannan a hankali su sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ranar da aka daina kuma fuska ta yi ja ta ɓare fiye da da, sai a ruga a sake saye. Ba banza ba NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Duk man da ya sauya launin fuska ya tashi daga man shafawa ya koma magani, kuma magani likita ke rubutawa.

Ba kowane ɓarewa ne bushewa ba. Idan ɓawon yana taruwa a gira da gefen hanci da bayan kunne, yana da ɗan maiko, ga amosani a kai, wataƙila ƙwayar cutar fata ce mai cin maiko, kuma man zaitun ƙara mata abinci yake yi. Idan an gyara wanka da shafa na mako uku ko huɗu babu sauyi, ko fatar tana tsattsafo da ruwa, ko ƙaiƙayi ya game jiki yana hana barci, a je asibiti a duba, domin ciwon suga da ciwon ƙoda da raguwar aikin ƙullin tayirod na wuya duk sukan bayyana a fata.