Hannu da Shuni: Kwana Biyu Tsakanin Kura da Bunkure

Rawani ne ya kai ni Kura. Ranar Hawan Daushe ina tsaye a Ƙofar Kudu tare da wani baƙona, sai ga wani dattijo bisa doki ya sha naɗi baƙi wuluk, amma da rana ta doke shi sai ya riƙa walƙiya kamar wuyan tattabara. Baƙon ya tambayi sunan rawanin, na ce ɗan Kura. Ya ce a ina ake yin sa? Har na buɗe baki zan ce a Kura mana, sai na tuna ni kaina ban taɓa shiga garin ba, iyakata in wuce ta gefensa a mota in za ni Zariya. Kunya ta kama ni.

Mu mutanen birni, in an ce nunin kayan fasaha, hankalinmu kan tafi Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, ko filin baje koli na titin gidan Zoo da ake buɗewa a ƙarshen shekara. Can ana jera kaya ne a tsaftace, an raba su da hannun da ya yi su. Ni kuwa hannun nake son gani. Shi ya sa da hunturu ya kankama na ɗauki jaka na nufi kudu, tunda gani ya kori ji.

Daga Na'ibawa zuwa Kura tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba in hanya ta yi kyau. Har ka wuce Kwanar Dawaki ƙasa fara ce fat, karan dawa a tsaye a bushe, hazo ya rufe sararin sama. Amma kana haye gadar Tamburawa ka doshi Karfi, sai duniya ta sake launi. Kore shar hagu da dama, alkama ta fara fitar da kai, albasa a jere cikin fangali, masara ta kai ƙugu a watan Janairu. A bakin titi mata da yara sun kasa tumatir da yalo da ɗanyar masara, mota ba ta gama tsayawa ba an cusa maka faranti ta taga.

Wannan koren ba na Allah-ba-mu-ruwa ba ne, daga Tiga yake zuwa. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka tare Kogin Kano aka gina madatsar Tiga, aka gama ta a 1974, sannan aka ja ruwan ta babban kanal zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Tun 1976 Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da aikin. Daɗin abin shi ne ruwan da kansa yake gangarowa, babban kanal ya ba ƙanana, ƙanana su ba magudanan gona. Na tsaya na kalli wani saurayi yana ban ruwa. Ya tsoma lanƙwasasshen bututu a magudana, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya girgiza shi sau biyu ya kifa cikin fangali, sai ruwa ya kama zuba ba inji ba mai. Na gwada sau uku ban samu ko ɗigo ba, sai jiƙa wando. Yaran da ke kan gaɓa suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Cikin garin Kura kuwa abin da ke fara tarar ka ƙarar injinan casar shinkafa ne da ƙamshin wadda ake turarawa a manyan tukwane. Duk wani fili da ya samu rana an shimfiɗa tampol an baza shanya, mai babur sai ya yi ta kewaye. Na tambayi hanyar karofi, wani yaro ya ja ni ta lunguna har muka ɓulla. Kafin ido ya gani hanci ya riga ya sani, wani wari mai tsami-tsami da ba ya kama da komai. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ramuka ne a jere a kan tudu, bakinsu kamar na rijiya. Da yawa sun mutu, ƙasa da leda sun cike su, wani ma har ciyawa ta tsiro a ciki. Kaɗan ne ke da rai, an kife su da murfin ciyawa mai tsini. A bakin ɗaya na tarar da wani dattijo a zaune kan guntun buhu, ya tsoma hannu cikin ruwan har gwiwar hannu.

Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Ya ce, "Yawwa, sannu ɗan nan. Daga birni?"

Na ce daga birni. Ya nuna min dutse na zauna, bai fasa abin da yake yi ba. A hankali ya bayyana min yadda ake haɗa ruwan: ganyen baba da aka daka aka cura aka busar, da toka, da katsi, wato laƙar tsohon rini da ake kwasowa daga gindin rami a ƙona. A zuba su a ramin da zurfinsa ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, a bar su kwanaki suna ruɓa, ana motsawa da doguwar muciya, har kumfa mai ruwan shuɗi ta taso. Ba agogo ke gaya masa ruwa ya nuna ba, launin kumfa da wari ne.

Sai ya ɗago zanen da ke hannunsa ya matse. Na zaci zan ga baƙi, sai na ga kore-kore kamar gansakuka. Ya warware shi ya riƙe a iska, ina kallo ƙiri-ƙiri koren ya riƙa juyewa yana komawa shuɗi, tun daga gefe har tsakiya. Ya sake tsomawa. Haka za a yi ta yi, tsomi da shan iska, har shuɗin ya yi duhun da ake so. Na sha zuwa wuraren nuni, ban taɓa ganin hoton da ke zana kansa a gaban mai kallo ba sai a bakin ramin nan.

Rini rabin aiki ne. Sauran yana mabuga, kuma ba ka bukatar ɗan jagora, kunne zai kai ka. Wani ɗan ɗaki ne mai duhu, an binne gungumen itace a ƙasa ya yi sumul don shan duka. Mutum biyu suna zaune suna fuskantar juna, kowanne da sandar bugu mai kauri, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, sautin yana tafiya daidai kamar 'yan mata na lugude. Suna barbaɗa garin shuni a kan zanen, su ninke, su buga, su sake ninkewa, har shunin ya shige cikin zare ya fito da ƙyallin nan da na gani a Ƙofar Kudu. Fuskokinsu da rigunansu da bangon ɗakin duk sun rine. Da aka miƙo min wanda aka gama na duba da kyau, sai na ga ashe ba ƙyalle ɗaya ba ne. Ƙwarya-ƙwarya ce siririya, wata ba ta fi faɗin yatsa ba, an saƙa kowacce daban sannan aka ɗinke su gefe da gefe. Masaƙi da maɗinki da marini da mabugi duk sun sa hannu kafin rawani ɗaya ya hau kan mutum.

Wannan shi ne turkudin da ya kai sunan Kura har cikin Sahara. Buzaye ne manyan masu sayensa, su ke naɗa shi su ja amawali, kuma zubar da yake yi a fata ba aibi ba ne a wurinsu, ado ne. Daga Agadas har ƙasar Mali an san kayan Kura. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, a kan wannan sana'a ya yi digirinsa na uku, ya nuna cewa ƙarfinta ba a cikin ganuwa kaɗai yake ba, yana garuruwan karkara irin su Kura. Marinar Ƙofar Mata, da ake cewa tun 1498 take, ita ta yi suna wurin 'yan yawon buɗe ido, amma mai neman ƙyalli nan yake zuwa.

To me ya kashe ramukan? Kowa zai ce maka shunin Bature, wanda Jamusawa suka fara sayarwa tun 1897, da yadin kanti mai araha. Gaskiya ne. Amma ina zaune a bakin karofin nan wani dalili ya faɗo min, kuma ruwan da na gani a hanya ne ya kawo shi. A da, shekarar Bahaushe kashi biyu ce. Damina ta gona ce, rani kuwa na sana'a da wasa. In an kai amfani rumbu, masaƙi ya kafa masaƙarsa a gindin bishiya, marini ya tada raminsa, samari su shirya kalankuwa su naɗa sarkinsu da alƙalinsu na wasa, 'yan dambe da 'yan kokawa su bi gari-gari. Ranin nan shi ne makarantar da yaro ke zama kusa da ubansa har hannunsa ya faɗa. Da ruwan Tiga ya zo, sai rani ya zama wata daminar. Ana girbe shinkafa ana dashen tumatir, ana cire albasa ana shirin masara. Saurayin da zai yi shekaru yana koyon gane kumfa, yanzu cikin wata uku zai ga kuɗin kwandunansa a Kwanar Gafan, inda manyan motoci ke lodi zuwa Kudu. Wa zai ga laifinsa? Ruwan ya kori yunwa da ci-rani, amma ya haɗa har da hutun da fasaha ke rayuwa a cikinsa.

Washegari na bi hanyar Rano na sauka Bunkure, ina son in ji ko wasannin ma sun bi sahun ramukan. Ba su mutu ba, sun dai koyi bin jadawalin ruwa. A wata majalisa bakin kanal, bayan la'asar, ana shan rake ana hira, na tambayi abin da ke tafe na taro a yankin. Ba wanda ya zaro takarda. Da yatsu aka lissafa min, kuma kowane taro an ɗaure shi da wani amfanin gona. Bukukuwan aure suna jiran a sayar da tumatir da albasa, don lefe da kayan ɗaki daga kwando suke fitowa. Shekarar 2016 da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye tumatir, har makaɗa sai da suka ji a jikinsu. Dambe sai an share fili bayan girbi, ranar kasuwa da yamma, kalangu ya kira mutane. Ga saukar karatu da musabaƙar Alƙur'ani na makarantun Islamiyya. Ga kuma hawan Sallah, inda mahaya daga garuruwan nan ke bin hakimansu, hawan da hukumar UNESCO ta sa na Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Ranar ce ɗan Kura ke fitowa daga adaka.

Da yake shekarun nan azumi a tsakiyar rani yake faɗowa, tashe ma ya shiga layi. A bayan wani kango na iske yara sun fara shiri tun wata bai tsaya ba. Ɗaya ya manna gemun auduga da ƙaro, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, yana dogara sanda yana tari irin na tsofaffi. Wani yana gwada kiɗa a bakin tulu da tafin hannu. Babbansu, wanda bai wuce shekara goma sha biyar ba, shi ne mai ba da umarni, yana tsayar da su yana cewa a sake, tsoho ba ya sauri haka. Ba su da zaure ba su da fitila, amma duk abin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ke yi suna yi. Sai dai kafin magariba aka aiko kiran biyu daga cikinsu, layin ruwan gonarsu ya zo, dole a je a tare. Tsoho ya cire gemu ya sa a aljihu ya ruga.

Abin da ya rage min a rai shi ne kusancin wuraren nan da birni, da kuma nisan da muka yi da su. Makarantun da ke kwasar ɗalibai zuwa gidan tarihi, da za su ƙara rabin awa a mota, da yaran sun ga kore yana zama shuɗi da idonsu. Masu shirya baje koli da ke neman abin nunawa, ga shi nan a raye, ba ya bukatar gilashi, ciniki kawai yake bukata. Ramin rini ba a adana shi da kallo, sai da aiki. Ranar da aka daina kawo zane, ranar ruwan ke mutuwa.

Kafin in kama hanya na koma karofi don sallama. Na sayi ɗan ƙaramin turkudi, aka naɗe min shi a takarda. Dattijon ya miƙo hannu muka gaisa, sai na tsaya ina kallon hannun: shuɗi har cikin farce, har cikin layukan tafi, irin wanda sabulu ya daɗe da sallamawa. Hausawa na kiran attajiri mai hannu da shuni, ana kuma cewa daga zamanin da marina ke cikin masu arzikin gari maganar ta samo asali. Na faɗa masa haka, ya yi dariya, ya ce to ga shunin nan, saura kuɗin.

A mota na kwance takardar don in sake duba ƙyallin. Kafin mu kai Tamburawa yatsuna biyar sun rine. Kwana uku ina wanki bai fita ba, ni ma kuma ban matsa masa ba.