Ƙullin Sukari a Kan Kek

Uwargidana ta yi shekaru tana gasa kek a gidanmu na Haj Yusuf, gabas da Kogin Nilu, kuma da wannan sana'a muke cike kuɗin makarantar yara. Ni aikina ɗauko kaya daga kasuwa da riƙe mata fitila in wuta ta ɗauke. A haka na koyi abin da zan faɗa muku.

A watan Agusta na 2019 maƙwabciyarmu za ta aurar da 'yarta. Amarya ta ga hoton wani kek a waya, mai hawa uku, a samansa an yi ƙulli mai kunne biyu irin na igiyar takalmi, amma da sukari. Ta ce shi take so. Uwargida ta ce ba komai, gama tana da kwaɓin da take lulluɓe kek da shi, wanda masu sana'ar ke kira fondan. Garin sukari ne da jelatin da gilisarin, mai laushi kamar tuwon da aka tuƙa da kyau, ga daɗi a baki. Daren jajibere ta murza shi, ta yanka, ta lanƙwasa, ta ɗora. Ya yi kyau ƙwarai. Da gari ya waye sai muka tarar kunnuwan sun kwanta kamar na jakin da ya sha kaya. Haka aka kai shi wurin biki. Ba wanda ya ce uffan, amma ta dawo gida ta ƙi cin tuwo.

Na ce, "Uwar yara, kwantar da hankalinki. Ba ƙaro ake sa wa ba? Ai a ƙasar ƙaro muke." Gaskiya ne kuwa, babu ƙasar da ta kai Sudan fitar da ƙaro a duniya, wanda ake tsaga daga itacen dakwara a Kordofan. Na hau mota ta Bahri, na haye gadar Shambat, na sayo mai kyau a kasuwar Umdurman. Muka daka, muka tankaɗe, muka zuba. Ƙullin ya sake kwanciya.

Wata dattijuwa mai sayar da kayan kek ce ta warware mana. Ta yi dariya ta ce, "Malam, ba kowane ƙaro ba ne. Namu na manne abu ne da sa shi ƙyalli. Wanda ke sa kwaɓi ya miƙe ya tsaya, sunansa katira, daga Iran da Turkiyya yake zuwa. In babu shi, ga farin garin CMC."

Daga nan muka gane kwaɓi iri uku ne. Fondan yana da daɗin ci, amma gilisarin da ke cikinsa yana jan danshi, saboda haka ba ya bushewa sosai, balle da damina. Na biyu shi ne mai katira ko CMC. Ana iya murza shi ya yi siriri kamar takarda, ya bushe ya yi tauri, sai dai ba ya da daɗin tauna, kuma in ka tsaya hira sai ya tsage a hannunka. Na uku tsaka-tsaki ne: a haɗa rabi da rabi, ko a zuba ƙaramin cokali ɗaya na CMC a rabin kilo na fondan. Wannan ne uwargida ta zaɓa don ƙullin da ke kwance a jikin kek, wanda yara za su ɓalla su ci. Babban ƙulli na sama kuwa, wanda zai sha jijjigar mota da zafin rana, sai mai tauri.

Amma ko wanne ka zaɓa, akwai abin da ba a sayarwa a kasuwa, wato lokaci. Katira tana son a bar kwaɓin ya kwana a leda kafin a taɓa shi. Kowane kunne sai a cusa masa takarda mai laushi, a kwantar da shi ta gefe, a rufe da kwali saboda ƙura. Da rani kwana ɗaya ya isa, da damina sai biyu ko uku. Kada a sa shi a firji, gama yana fitowa zai yi gumi ya saki. Ran biki sai a jiƙa ɗan ƙaronmu na Kordofan a manne kunnuwan. Ashe shi ma yana da nasa aikin. Laifinmu na farko ba na kwaɓi kaɗai ba ne, mun so mu fafe gora ranar tafiya.

A Disamba na wannan shekara ƙanwar amaryar ta yi aure, uwarta kuwa ta sake ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ƙullin ya tsaya cak har aka yanka kek.

Da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 muka bar Haj Yusuf zuwa Gadarif da abin da hannu zai iya ɗauka. Gadar da na haye ma an karya ta a shekarar. Da muka kwance kaya, sai na ga ɗan gwangwanin CMC a naɗe cikin zanenta. Na ce, "Wannan fa?" Ta ce, "Maigida, ko a nan ma za a yi aure."